Itacen Wutar Shekara: Bazara a Koyarwar Veda da Tarihin Zaman Mutum da Muhallinsa a Indiya

Gabatarwa

A ranar 19 ga watan Mayu na shekarar 2016, ma'aunin zafi ya kai digiri 51 a garin Phalodi na jihar Rajasthan da ke arewa maso yammacin Indiya. Shekara guda kafin nan, tsananin zafi ya halaka mutane fiye da 2,000 a ƙasar, akasarinsu a jihohin Andhra Pradesh da Telangana. Duk sa'ad da irin wannan musiba ta auku, akan ji masu cewa da an riƙe koyarwar Veda da ba a shiga wannan hali ba, domin a ganinsu magabatan Indiya sun zauna da rana da ruwa da daji cikin cikakkiyar lumana. Maganar tana da daɗin ji, amma tana buƙatar a auna ta da ma'aunin tarihi. Wannan maƙala za ta bi sawun lokaci guda daga cikin lokutan shekara, wanda ake kira grishma da harshen Sanskirit, tun daga tsofaffin waƙoƙin Veda har zuwa littattafan likitanci da dokokin sarakuna, don a ga abin da aka koyar, da abin da aka aikata, da kuma wanda ya amfana.

Grishma wata biyu ne, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yuli bisa ƙidayar da aka saba. Lokaci ne da ƙasa ke tsagewa, tafkuna su ƙafe, busasshiyar iskar nan mai ƙuna da ake kira loo ta riƙa kaɗawa a filayen arewa, kowa ya zuba wa sama ido yana jiran hadari. Kalmar Hausa da ta fi dacewa da shi ita ce bazara, wato zafin da ke gabatar damina, kuma da wannan ma'ana za a yi amfani da ita a nan.

Littattafan da ƙasar da ta haife su

Veda huɗu ne: Rigveda, Samaveda, Yajurveda da Atharvaveda. Mafi daɗewa shi ne Rigveda, mai waƙoƙi 1,028 a cikin kashi goma, wanda masana suka fi karkata ga cewa an tsara shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1200 kafin Miladiyya, a yankin Punjab, ƙasar da waƙoƙin ke kira ta koguna bakwai. Ba a rubuce aka fara adana su ba. Daga bakin malami suke zuwa kunnen ɗalibi, da dabarun hadda masu tsanani, har ana karanta kalmomin baiti gaba da baya don kada ko gaɓa ɗaya ta salwanta. Mutanen da suka rera su makiyaya ne da ke ɗan taɓa noma. Dukiyarsu shanu da dawaki, hatsinsu sha'ir. Ga mai irin wannan rayuwa, sanin lokutan shekara ya wuce sha'awa: idan ya yi kuskuren lissafin ranar da ciyawa za ta ƙare ko ranar da kogi zai cika, garkensa ne zai biya.

Rita: tsarin da komai ke bi

Ginshiƙin tunanin Veda game da duniya shi ne kalmar rita. Ma'anarta tsari ko daidaito, wato ƙa'idar da ta sa rana ke fitowa a kan lokaci, koguna ke gangarawa teku, wata ke cika yana raguwa. Wannan kalma ɗaya kuma ta ƙunshi gaskiyar magana da cika alkawari, kuma abin bautarsu Varuna ne suke ɗauka mai tsaronta, mai kama wanda ya keta ta. Saboda haka a wurinsu maƙaryaci da wanda ya yi hadaya ba a kan kari ba laifinsu iri ɗaya ne: dukansu sun karkata abin da ya kamata ya miƙe. Daga tushe ɗaya da rita aka samu ritu, lokacin shekara, aka kuma samu ritvij, sunan mai jagorantar hadaya, wanda asalin ma'anarsa mai yin hadaya a lokacin da ya dace. Harshen da kansa ya ɗaure ibada da kalanda.

Yawan lokutan bai tsaya wuri guda ba tun farko. Wasu nassoshi sun ƙirga uku, wasu biyar, har daga bisani shida ta zauna daram: vasanta lokacin toho da fure, grishma bazara, varsha damina, sharad kaka, sai hemanta da shishira, farkon sanyi da ƙarshensa. Taittiriya Samhita, wani reshe na Yajurveda, ya ba kowane lokaci wata biyu, ya kira watannin bazara Shukra da Shuchi, sunaye biyu masu nuni ga haske da tsabta. Littafin Vedanga Jyotisha, wanda ake dangantawa da Lagadha, ya raba yini da dare zuwa muhurta 30, kowanne daidai da minti 48 na agogon yau, ya nuna cewa yini mafi tsawo yana ɗaukar 18, mafi gajarta kuma 12. Shatapatha Brahmana kuwa ya daidaita tubala 10,800 na babban dandamalin wutar hadaya da yawan muhurta na shekara mai kwana 360. Wanda ya gina dandamalin, a fahimtarsu, shekarar ya sake ginawa da hannunsa.

Bazara a matsayin itacen wuta

A cikin kashi na goma na Rigveda akwai shahararriyar waƙar Purusha, wadda ta siffanta halittar duniya a matsayin wata gagarumar hadaya ta farko. A cikinta aka raba wa lokuta uku aiki: lokacin toho ya tsaya a matsayin man shanun da ake zubawa a wuta, kaka ta zama abin da ake miƙawa, bazara kuwa ita ce itacen da ke ci. Wannan kamance ya taƙaita yadda suka fahimci zafi. Itace ƙonewa yake yi ya zama toka, amma in babu shi babu girki, babu hadaya. Haka bazara take cinye danshin ƙasa da ƙarfin jiki, kuma ta wannan ci ne shekara ke nuna. Ba su ɗauke ta baƙuwar annoba da ta faɗo daga waje ba. Ɗaya ce daga cikin ma'aikatan shekara, mai aikin da ba wanda zai yi mata.

Karɓar zafi a matsayin ɓangaren tsari bai hana su jin tsoronsa ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙoƙin Rigveda na Indra ne, kuma babban aikin da ake yaba masa shi ne kashe Vritra, ƙaton macijin da ya kanannaɗe duwatsu ya tsare ruwa, har sai da Indra ya fasa shi da makaminsa na aradu, koguna suka kwararo. Masana sun yi saɓani a kan fassarar labarin. Wasu sun ce hoton fari ne da saukar damina, wasu suka ce narkewar ƙanƙarar Himalaya ce da ke cika kogunan Punjab, wasu kuma suka ɗauke shi labarin farkon halitta. Ko wanne ne daidai, abu ɗaya bai canza ba: mafi munin maƙiyi a tunanin waɗannan mutane shi ne wanda ya riƙe ruwa ya hana shi isa ga mabuƙata.

Waƙa ta 103 a kashi na bakwai ta fi kowacce kawo bazara kusa da ido. Kwaɗi take magana a kai. Sun kwanta shiru cikin busasshen kududdufi kamar tsohuwar salka, sai ruwan farko ya sauka, suka ɓarke da kuka, wannan yana amsa wa wancan kamar ɗalibai na maimaita karatun malami. Mawaƙin ya kamanta su da malaman Brahmana da suka cika wa'adin shirun da suka ɗauka, ya kuma yaba musu da cewa ba sa kuskure lokaci. Wasu manazarta suna ganin zambo ne ake yi wa malaman, wasu suna ganin addu'ar roƙon ruwa ce. Darasin da ke ciki dai a fili yake: ƙaramar halitta ta san lokacin ɓuya da lokacin fitowa, kuma wannan sani ne ya raya ta.

Ƙasa uwa, da iyakar abin da ake ɗiba

Atharvaveda ya fi sauran kusanci da rayuwar gida, da cuta da magani da gona. A cikinsa akwai doguwar waƙar ƙasa mai baiti 63, wadda ta ɗauki ƙasa uwa, ɗan Adam kuma ɗanta. Da ta zo lissafa lokuta shida na shekara, da bazara ta fara. A wani wuri mai waƙar ya roƙi cewa duk abin da ya haƙa daga jikin ƙasa ya yi saurin tsirowa, kada kuma haƙarsa ta kai ga zuciyarta. A nan ne koyarwar Veda ta fi kusantar abin da ake kira kiyaye muhalli a yau, domin an yarda mutum ya ɗiba, amma an gindaya masa iyaka. Da wannan baiti Firayim Minista Indira Gandhi ta kafa hujja a jawabinta na taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli a birnin Stockholm, cikin watan Yunin 1972.

Littattafan sun kuma san cewa kowane lokaci da amfaninsa da cutarsa. Taittiriya Samhita ya ba bazara sha'ir, ya ba kaka shinkafa, ya ba watannin sanyi wake da riɗi. Atharvaveda ya yi addu'o'in korar zazzaɓin da yake kira takman, ya bambanta na bazara da na damina da na kaka, har ya ambaci mai dawowa bayan tsallake kwana, abin da ya sa masana da dama ke zaton zazzaɓin cizon sauro ake nufi. Akwai kuma hadayu uku da ake yi bayan kowane wata huɗu. Ta tsakiya, Varunapraghasa, tana zuwa ne a gaɓar da bazara ke miƙa wa damina ragama, kuma a cikinta ake neman kuɓuta daga kamun Varuna ta hanyar furta laifi. Kafin a roƙi ruwa sai an gyara tsakani.

Ɗaya fuskar: wuta a cikin daji

Wanda ya tsaya a nan zai zaci zaman lumana ne tsantsa, amma littattafan da kansu sun adana wani labarin. Shatapatha Brahmana ya ba da labarin sarki Videgha Mathava, wanda ya bi bayan Agni, abin bautarsu na wuta, daga gaɓar kogin Sarasvati zuwa gabas. Agni yana tafe yana ƙone ƙasa, yana tsallake koguna, har ya isa kogin Sadanira, wanda masana da dama ke ganin shi ne Gandak na yau. A nan ya tsaya, kuma littafin ya ce shi ya sa kogin ke da sanyi ko a ƙarshen bazara. Ya ƙara da cewa ƙasar da ke gabashinsa dā fadama ce da ba a nomawa, daga baya ta zama gonaki. Masana tarihi suna karanta wannan a matsayin tunawa da yadda al'ummar Veda ta bazu cikin kwarin Ganga, tana share kurmi da wuta, daga bisani kuma da gatarin ƙarfe.

Mahabharata, wanda ya zo bayan zamanin Veda, ya fi fito da abin fili. Krishna da Arjuna sun fita shan iska bakin kogin Yamuna saboda zafin bazara, sai Agni ya zo musu yana neman su taimaka masa ya cinye dajin Khandava. Suka tsare gefen dajin suna kashe duk dabbar da ta nemi tsira. Indra ya aiko da ruwa don ya kashe wutar, Arjuna ya tare shi da kibau. Rayuka shida kacal labarin ya ce sun kuɓuta. Idan aka haɗa wannan da hadayun dabbobi, har da na doki da manyan sarakuna ke yi, za a ga cewa mutanen da suka kira ƙasa uwa su ne kuma suka ƙone kurminta don su sami gona da makiyaya. Wannan bai rushe darajar waƙar ƙasa ba. Ya dai nuna daga inda ta fito: mai haƙa ne ya roƙi kada haƙarsa ta wuce gona da iri, domin ya san abin da hannunsa zai iya.

Daga dandamalin hadaya zuwa jikin mutum

Yawancin shawarwarin da ake yaɗawa yau da sunan koyarwar Veda kan bazara, kamar abin da za a ci da lokacin da za a kwanta, ba a cikin Veda huɗu suke ba. Suna cikin littattafan Ayurveda ne, waɗanda suka zo bayan ƙarnoni da yawa, ko da yake suna danganta kansu da Atharvaveda. Charaka Samhita, wanda ya ɗauki siffarsa a wajajen farkon ƙarnonin Miladiyya, ya keɓe babi na shida na kashinsa na farko ga tsarin rayuwa bisa lokuta. Ya raba shekara biyu. A rabin da rana ke tafiya arewa, tana zuƙe danshi da ƙarfi daga halittu, kuma bazara ce ƙololuwar wannan zuƙa. A ɗaya rabin ana mayar musu da abin da aka karɓa. Tun da ƙarfin jiki ya yi ƙasa a bazara, sai a rage masa kaya: a ci abu mai zaƙi, mai sanyi, mai ruwa-ruwa da ɗan maiƙo, kamar shinkafa da madara da man shanu da damammen gari da ruwan sanyi, a guji gishiri da tsami da yaji, a bar motsa jiki mai wahala. Barcin rana, wanda littafin ya hana yawancin mutane a sauran lokuta, ya halatta shi a bazara saboda gajartar dare. Vagbhata, marubucin Ashtanga Hridaya a wajajen ƙarni na 7, ya ƙara da cewa kwana bakwai na ƙarshen lokaci da bakwai na farkon mai bi masa mahaɗa ce, a cikinta ake sauya abinci da ɗabi'a sannu a hankali, domin sauyin gaggawa cuta yake haifarwa.

Akwai wani babi na Charaka da ya wuce jikin mutum ɗaya. An buɗe shi da malam Atreya yana tafiya da ɗalibinsa Agnivesha a bakin Ganga, kusa da birnin Kampilya, a watan ƙarshe na bazara. Malamin ya ga alamun lokuta sun fara rikicewa, sai ya umarci a tattara magunguna tun ƙasa ba ta rasa albarkarta ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin ya tambaya yadda cuta ɗaya ke kashe mutane masu jiki daban-daban. Atreya ya amsa cewa abubuwa huɗu ne kowa ke tarayya a cikinsu: iska, ruwa, ƙasa da lokaci, kuma idan suka gurɓace gari guda ke tafiya. Tushen gurɓatar kuwa, in ji shi, barin gaskiya ne, wanda ke farawa daga shugabanni ya gangaro kan mabiya. Tsohon tunanin rita ne ya dawo cikin rigar likitanci, ya ɗora alhakin rikicewar yanayi a wuyan masu mulki.

Inuwa da rijiya: wa ya samu?

Shawarar Charaka ga mai jin zafi ta haɗa da yini a ɗaki mai sanyi, kwana a saman soro cikin hasken wata, shafa sandal, sanya lu'ulu'u, da fifita da mafici mai danshi. Wannan magana ce da mai hali ake yi. Manomi da ɗan dako da mai ɗibar ruwa ba su da soron hawa, ba su da damar barcin rana. Abin da ya kai gare su shi ne aikin gayya da na hukuma. Sarki Ashoka, mabiyin addinin Buddha da ya yi mulki a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya sa an rubuta a ginshiƙan dutse cewa ya dasa itatuwan banyan, dangin cediya, a gefen hanyoyi don mutum da dabba su sami inuwa, ya dasa lambunan mangwaro, ya haƙa rijiyoyi, ya gina masaukai. Ya kuma hana ƙona daji ba gaira ba dalili. Daga baya aka yi ta gina rijiyoyi masu matakala, irin Rani ki Vav ta garin Patan a Gujarat, ta ƙarni na 11, kuma har yau ajiye tulunan ruwa kyauta a bakin hanya cikin watannin zafi sadaka ce mai daraja a Indiya.

Sai dai rijiyar ma ba kowa ta buɗe wa baki ba. Waƙar Purusha, wadda ta mai da bazara itacen wuta, ita ce kuma ta ambaci rabuwar mutane gida huɗu daga gaɓoɓin jiki ɗaya: malamai, mayaƙa, talakawa masu dukiya da noma, da masu hidima. Har lokutan shekara an raba: Shatapatha Brahmana ya ce malami ya kafa wutar ibadarsa a lokacin toho, basarake a bazara. Da tafiya ta yi nisa, tsarin ya ƙanƙame har aka samu waɗanda ake ƙyamar taɓawa, aka hana su ɗiba daga rijiyar gari. Ranar 20 ga Maris na 1927, a bakin shigowar zafi, Dokta B. R. Ambedkar ya jagoranci dubban 'yan Dalit zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad, suka sha ruwa a bainar jama'a. A tsarin mulkin 1950 an haramta hana ɗan ƙasa amfani da rijiyoyi da tafkunan jama'a saboda asalinsa. Vritra na waƙa Indra ya kashe shi da bugu ɗaya. Wanda ya tsare bakin rijiyar ƙauye kuwa sai da aka yi ƙarnoni ana fama.

Kammalawa

Abin da tarihi ya nuna shi ne cewa koyarwar Indiya kan bazara a hankali aka gina ta, hawa bisa hawa. Mawaƙan Veda sun aza harsashi da cewa shekara tana da tsari, zafi yana da gurbinsa, kuma ɗiba daga ƙasa tana da iyaka. Likitoci suka mai da wannan ƙa'idar ci da sha da hutu. Sarakuna da masu sadaka suka mai da shi bishiya da rijiya. Waɗanda aka bari a rana kuma suka yi gwagwarmaya har aka rubuta haƙƙinsu a doka. Kowane hawa ya cike giɓin da na ƙasansa ya bari, kuma wanda ya ce komai ya kammala tun zamanin Rigveda ya tauye wa na baya haƙƙinsu.

Misalin birnin Ahmedabad ya isa shaida. Bayan zafin watan Mayun 2010, wanda bincike ya danganta shi da mutuwar mutane fiye da 1,300, birnin ya fito da shirin tunkarar zafi a 2013, irinsa na farko a kudancin Asiya: gargaɗi tun kafin ranar, wuraren shan ruwa, horar da ma'aikatan lafiya, daga baya kuma aka ƙara da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Babu baitin Veda ko ɗaya a cikin matakan, amma tambayoyin da suke amsawa tsofaffi ne: yaushe zafin zai zo, me ya kamata a rage, kuma wa ke da alhakin wanda ba shi da inuwa? Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai an tace ta. Daga Veda ana iya ɗaukar sanin lokaci da sanin iyaka. Rabon ruwa da inuwa ga kowa kuwa aiki ne da ya rage a hannun masu rai, kuma kowace bazara tana zuwa ta duba ko an yi shi.